Ɗakunan ƙasa don masu zuwa kallon tsuntsaye a Baturiya: zai yiwu, ko zubar da kuɗi ne?

Abban Walida: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana wata gona a kan tudu a ƙasar Kirikasamma, ba nisa da dausayin Baturiya. Gonar jigawa ce mai yashi, ko an zuba mata taki geron da take bayarwa bai taka kara ya karya ba. Amma idan ka tsaya a kanta lokacin hunturu, ruwa kake hange da tsuntsaye iya ganinka. Ni da ƙannena muna tunanin gina ɗakuna shida na ƙasa, wasu soro wasu jinka, mu sa sola, babu janareta, mu riƙa saukar da masu zuwa kallon tsuntsaye da ɗalibai da iyalan da ke son barin hayaniyar birni kwana biyu. Baturiya na cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya tun 2008, kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da dausayin Haɗeja cikin sababbin gandayen ƙasa goma na kare daji da namun daji, tare da Falgore ta Kano. Amma wanda ya zo yau, a Haɗeja zai kwana, ya sammako ya koma, kuɗinsa bai taɓa hannun ɗan ƙauye ba. Me kuka gani?

Alhaji na Kwari: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ni ɗan kasuwa ne, tambaya ɗaya gare ni: wa zai biya? Turawa sun ɗauke ƙafa daga Arewa tun da tsaro ya lalace, ƙasashensu ma gargaɗinsu suke yi. Namu mutanen kuwa, wanda ya sami kuɗin hutu otal mai na'urar sanyaya ɗaki yake nema, ko ya yi Umara. Ka ce wa Bakano ya biya kuɗi ya kwana a ɗakin ƙasa, zai ce maka ai daga nan ya fito. Dubi Bagauda. Gwamnati ce ta gina otal a bakin tafki, yanzu makarantar horar da lauyoyi ce a wurin. Ka sayi injin ban ruwa ka yi noman rani, ya fi maka.

Malama Hauwa: Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma ban yarda da kai duka ba. Ina koyar da ilimin halittu, kuma kowace shekara ɗalibai na fita nazari a wannan yanki, daga Kano da Dutse da Kafin Hausa. Matsalarmu kullum ita ce kwana. Tsuntsu da asuba ake ganinsa da kuma gab da magariba. Idan ka taso daga gari bayan karin kumallo, rana ta take, sai balbela da zalɓe kawai za ka tarar. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu agwagin da ke tasowa daga Turai, su ƙetare Sahara, suna nan tare da namu na gida, kirinjijiya da ɗinya da jinjimi. Yarinyar da ta taɓa ganin garkensu ya tashi lokaci ɗaya da sanyin safiya ba ta mantawa. Kuɗin ɗalibai kaɗan ne, gaskiya, amma suna zuwa da yawa kuma duk shekara.

Alhaji na Kwari: To Malama, wata huɗu ke nan. Sauran wata takwas fa? Gara ce za ta kwana a ɗakunan?

Malama Hauwa: Wannan kam tambaya ce mai nauyi, kuma ita ce dalilin da ya sa nake ganin ginin ƙasa ya fi dacewa. Wanda ya ci bashin banki ya zuba siminti da tayil dole ya cika ɗaki kowane dare. Wanda ya yi da ƙasar wurin da hannun mutanen wurin zai iya rufe ƙofa da damina ya tafi gona.

Baba Magini: Salamu alaikum. Jikana ne yake karanto mini, ni nake faɗa yana rubutawa. Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da ginin ƙasa. Amma ka saurara da kyau, don mutane da yawa sun yi shi da ka ya rushe, sai a ɗora wa ƙasa laifi.

Ƙasar gonarka ba za ta yi gini ba, tunda ka ce jigawa ce. Yashi ba ya kama jikinsa. Lakar fadama kuma ita kaɗai tsagewa take yi idan ta bushe. Sai an haɗa su, a zuba ciyawa ko ƙaiƙayi, a tattake da ƙafa, a bar kwaɓin ya kwana ya ruɓa, a sake tattakawa. Kafin ka buga tubali dubu, buga guda goma, kowanne da irin haɗinsa, ka shanya. Wanda bai tsage ba, ka ɗaga shi daidai ƙirji ka saki. In bai farfashe ba, shi ne haɗinka.

Sannan ruwa ta gindi yake kashe ginin ƙasa. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ya ga yadda katanga ke jiƙa daga ƙasa ta zauna. Ka tambayi tsofaffin garin inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi yawa, ka hau sama da nan. Tushe a yi shi da dutse ko jan bulo ƙonanne har ya wuce gwiwa, a kai sai a ɗora ƙasa. Indararo ya yi tsawo, ya jefa ruwa nesa da bango. Kuma don Allah kada wani ya ruɗe ka ka shafe bangon ƙasa da siminti. Danshi yake riƙewa a ciki, bayan damina biyu sai ka ga ya ɓamɓaro kamar ɓawon gyaɗa, ya tafi da naman bangon. Yaɓe na makuba muka gada, ruwan ɓawon ɗorawa, shi ke korar ruwa. Sai dai yana son a waiwaye shi, ba a yi a manta ba.

Su baƙin naka da hunturu za su zo. Ɗakin ƙasa mai kauri yana shan zafin rana da yini ya sake shi da dare. Mai kwana a ƙarƙashin kwano shi zai nemi bargo uku.

Injiniya Bashir: Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Abin da zan ƙara shi ne maganar rufi. Soro yana cin azara, azara kuma giginya ce, giginyar da sai ta shekara da yawa kafin ta isa sara. Ba zai yi kyau a ce wurin da aka gina don kare daji ya fara da kayar da giginya ba. A Burkina Faso an daɗe ana rufa ɗaki da tubalin ƙasa zalla, a lanƙwasa shi ya haɗe a sama, babu itace ko ɗaya. Kuma kada a ɗauka ginin ƙasa ya zama na da. Francis Kéré na Burkina Faso da makarantar ƙasa ya fara a ƙauyensu Gando, ya kai ga lambar Pritzker a 2022, wadda ita ce mafi girma a fannin zanen gini. Nan kusa a Nijar, masallacin Yama da Falke Barmu ya gina ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986, kuma a Dandaji Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun yi masallaci da ɗakin karatu da bulon ƙasa da aka matse da inji. Duk ƙasar Hausa ce waɗannan biyun.

Baba Magini: Injiniya, ban musa ba. Amma wanda zai yi wannan rufin sai an koya masa, in ba haka ba a kan mutane zai faɗo. In babu gwani a kusa, jinka ta isa. Jinkar gamba mai kauri, an ɗaure ta da kyau, ta fi kwano sanyi nesa ba kusa ba. A nisanta ta da madafa kawai, saboda gobarar hunturu.

Ɗan Marma: Kun yi ta maganar bango da rufi, babu wanda ya tambayi mu da muke cikin ruwan. Ni masunci ne ɗan masunci, ina kuma noman shinkafa. Ku yi haƙuri, zan faɗi abin da ke raina.

Ku tsuntsu abin sha'awa ne a wurinku. Mu akwai tsuntsun da in muka ji kukansa gabanmu ke faɗuwa. Jan baki in ya sauka a gonar shinkafa ko gero, kafin azahar ya gama da ita. Yara tun asuba suna gona da gwangwani da majajjawa, makaranta ma ba sa zuwa. Ina yake kwana? Cikin kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa. Kachalar nan kuma ta cinye mu. Tun da aka yi madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta canja. Da ruwa yana zuwa da ƙarfi da damina, ya malale fadama, ya janye da rani ƙasa ta bushe. Yanzu wasu hanyoyin ruwa ba sa bushewa duk shekara, kachala ta samu wurin zama, ta toshe su. Inda ake son ruwa ba ya zuwa, inda ba a so ya kwanta a kan gona. Inda kakana yake jefa birgi, yau ko kwalekwale ba ya ratsawa.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne wannan maganar gandun ƙasa. In an ce wuri ya zama na gwamnati, abin da talaka yake fara ji shi ne hani: kada ka yi su, kada ka yanki kaba, kada ka shigo da dabba. Matanmu da kabar goruba suke saƙa tabarma da faifai. In baƙi sun zo suna son su ga wuri shiru babu kowa, mu za a kora. Abban Walida, kai ɗan gari ne, ban ce kai za ka yi ba. Amma in abin ya karɓu, masu kuɗi za su biyo sawunka su sayi bakin ruwa su kewaye da waya.

Abban Walida: Yaya, wallahi maganarka ta fi duk sauran shiga jikina. Gidanmu ma jan baki ya sha yi mana ɓarna. Ba ni da ikon hana mai kuɗi sayen fili, amma ina ganin in mu muka fara, muka kafa yadda ake yi, zai fi wuya wani ya zo ya yi yadda ya ga dama. Wa zai kai baƙo cikin ruwa in ba ku ba? Wa ya san inda ɗinya take sauka?

Ɗan Marma: Haka ake faɗa da farko. Daga baya sai a kawo yaro daga birni mai jin Turanci a ce shi ne jagora, mu a ba mu ladan tuƙi.

Malama Hauwa: Malam Ɗan Marma yana da gaskiya, kuma kada a lallashe shi da baki. A rubuta. Kuɗin kwalekwale masunci ne zai yanka shi, a hannunsa za a ba shi, kada ya bi ta hannun mai masauki. Na sha fita da ɗalibai, kuma masuncin da ke tuƙa mu ya kan gane tsuntsu daga kukansa tun kafin mu ɗaga madubin hangen nesa. Abin da ya rage masa sunayen da ke cikin littafi ne kawai, wannan kuwa ɗansa ɗan sakandare zai koya cikin hunturu ɗaya. Game da jan baki, babu mai hankalin da zai ce a bar shi ya ci shinkafa. Abin da muke roƙo shi ne a bambanta shi da agwagi da sauran tsuntsayen ruwa, kuma a kula da guba, domin abin da aka zuba a fadama yana komawa cikin kifin da ku kuke kamawa.

Injiniya Bashir: Kachalar ma tana da amfani in an sare ta. A Senegal da Muritaniya, inda ta addabi kogin Senegal, ana yin gawayi da ita, ana rufin ɗaki, ana cusa ta a bango don tare zafi. Ɗaki shida ba zai rage kachalar Haɗeja ba, kada mu yaudari kanmu. Amma in masaukin ya sayi busasshiyar kachala a hannun matasa ya yi asabari da shinge da rumfa, baƙo ya gani da idonsa, wani abu ne.

Malam Liman: Assalamu alaikum. Yawo a bayan ƙasa don ganin halittar Allah abu ne mai kyau, Alƙur'ani ma ya yi umarni da a yi tafiya a duba. Tsoron da iyaye za su ji daban ne. Ƙauye ba shi da ƙofa. In aka ce ga ɗakunan haya a bayan gari, wasu za su zo ba don tsuntsu ba. Rana ɗaya aka ga abin da bai dace ba, sunan gidanku ya ɓaci, kuma garin ba zai sake yarda da irin wannan ba. Ka sa masaukin ƙarƙashin idon gari: mai unguwa ya san wanda ya sauka, a rubuta suna, ban da giya, ban da kiɗan dare, ɓangaren mata daban. Ka yi zaure a gaba yadda aka saba, dattijo ya zauna a ciki. A kuma gaya wa baƙi kada su ɗauki hoton matan mutane a bakin rijiya ko a gona sai da izini.

Maman Ihsan: Malam ya yi daidai. Ni daga Kano nake, kuma ina cikin waɗanda Alhaji ya ce ba za su zo ba. Zan zo, in dai abu biyu sun samu: banɗaki mai tsafta da gidan sauro marar huda. 'Ya'yana ba su taɓa shiga kwalekwale ba, ba su san yadda shinkafa take a gona ba. Ɗakin ƙasa ba ya ba ni tsoro in an share shi, an yi daɓe mai kyau, an shimfiɗa sabuwar tabarma, ga randa da ruwan sanyi. Abin da ke korar mace daga irin wuraren nan makewayi ne.

Sai abinci. Don Allah kada ku kawo mana taliyar leda da lemon kwalba. A ba matan garin girkin, su yi tuwon shinkafa da miyar kifi, ɗanwake, fura da nonon da aka tatso da safe. Kuma kuɗin ya shiga hannun wadda ta tsaya a gaban murhu. Na san yadda ake yi, a ce an ba maigida zai kai mata.

Injiniya Bashir: Hajiya ta taɓo wurin da ya fi wuya. A bakin dausayi ruwan ƙasa yana kusa, in ka haƙa salga mai zurfi kai tsaye take haɗuwa da ruwan da ake sha. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce a nisanta masai da rijiya kamar mita 30, kuma a ƙasa mai yashi gara a ƙara. Abin da ya dace da wurin shi ne masai mai ɗaki biyu da aka ɗaga sama da ƙasa: ana amfani da ɗaya ana zuba toka, in ya cika a rufe shi a koma ɗayan, kafin shekara ta zagayo na farkon ya bushe. Sai dai mu da ruwa muke tsarki, don haka dole a yi wa ruwan tsarki hanyarsa daban zuwa ramin tsakuwa, in ba haka ba wari zai kori kowa. Wanda ya kwafo zanen daga wata ƙasa bai lura da buta ba, ya yi aikin banza.

Sola kuma kada a yi ƙarya da ita. Fitila, cajin waya, fanka, famfon da zai cika tanki da rana, ta isa. Na'urar sanyaya ɗaki za ta ninka kuɗin batir. A riƙa goge faifan sola kullum da hunturu saboda ƙura. Firji ma ba dole ba ne. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a nan Jigawa, shi ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, a zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, kayan miya su yi kwanaki ba su lalace ba, har ya sami lambar Rolex a 2000. A ajiye irinta a madafa, baƙi su gani a ƙasar da ta fito.

Ardo: Ni ma bari in sa baki. Tudun da kake magana, ka duba ko burtali ya bi ta gefensa. Da rani duk dabbobin yankin nan fadama suke sauka, nan ne ruwa, nan ne ɗanyar ciyawa. Yawancin rigimar da ake yi da manoma daga toshe hanya da mashaya take farawa. In ka kafa shinge a kan hanyar shanu, ka sayi fitina da kuɗinka. In ka bar hanya, nono da man shanu har ƙofa za a kawo maka.

Alhaji na Kwari: Na ji duka, kuma na sassauto, amma ban sauka ba. Shida ya yi yawa. Yi biyu da rumfa babba ta ɗalibai. Kada ka ci bashi, kada ka sayar da gonar, kada ka karɓi abokin tarayya da zai ce a rubuta filin da sunansa. Ka riƙe littafi, ko naira ɗaya ta shiga ka rubuta. In hunturu biyu suka wuce ɗakunan ba su mayar da kuɗin yaɓe da na mai gadi ba, ka mai da su rumbu. Sannan tun kafin ka sa tubali ka je wurin hukumar da ke kula da gandun ka ji inda iyakarsu ta tsaya, a takarda, kada ka gina a wayi gari a ce kana ciki.

Abban Walida: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun yi magana da ƙannena, mun koma ɗaki biyu da rumfa, rufin jinka. Ranar Juma'a zan je gaida mai unguwa, in roƙe shi ya tara mu da sarkin ruwa da Ardo da liman. Abin da ban warware ba shi ne rabon gari. Wasu sun ce a ware wani kaso na kuɗin kwana a sa a asusun gyaran rijiya da makaranta, wasu sun ce asusu rigima yake jawowa, gara kowa ya ci daga aikin hannunsa. Yaya Ɗan Marma, ina son ka zo zaman nan, ka faɗi abin da ka faɗa a nan a gaban kowa.

Ɗan Marma: Zan zo in Allah ya kai mu. Amma zan zo da mutum biyu daga cikin masu yankan kaba, don su ma da bakinsu. Maganar asusu kuma ni ban yarda da shi ba sai in mata suna cikin masu riƙe shi.

Baba Magini: Yaro, kada ka buga tubali sai ruwa ya ɗauke sarai, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Kafin nan ka ɗebo ƙasar wuri uku, ta tudun da ta gangare da ta bakin fadama, kowacce a buhunta, ka aiko mini ta motar Haɗeja in murza in gani.